Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darajar Akwatin Rediyo Ranar Da Wuta Ta Ɗauke

Ran Litinin 28 ga watan Afrilu na shekarar 2025, da misalin ƙarfe 12 da rabi na rana, wutar lantarki ta ɗauke baki ɗaya a ƙasashen Sifaniya da Fotugal. Cikin 'yan daƙiƙu kaɗan mutane fiye da miliyan 50 suka sami kansu a halin da yawancinsu ba su taɓa gani ba tun da aka haife su. Jiragen ƙasa suka tsaya cik, wasu a tsakiyar daji, wasu a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa. Fitilun ba da hannu na kan tituna suka mutu, na'urorin cirar kuɗi suka daina aiki, kafin la'asar kuma wayoyin salula suka fara rasa sabis ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai hankalin jama'a ya koma kan wani abu da suka daɗe da jefawa cikin komatsai. Aka yi ta tururuwa zuwa kantuna ana neman ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir, har ya ƙare ƙarƙaf a kantuna da yawa. A Madrid da Barcelona an ga mutane sun yi da'ira a bakin titi, sun kewaye mai rediyo ɗaya, kowa ya kasa kunne yana jiran ya ji abin da ya faru da kuma lokacin da wuta za ta dawo. Sai da gari ya waye sa'an nan al'amura suka daidaita a galibin wurare.

Duk Bahaushen da ya ga hotunan wannan rana ba zai rasa yin murmushi ba, gama majalisa ce da ya sani tun yana ƙarami. Haka ake kewaye rediyo a teburin mai shayi a Agege, da rumfar mahauta a Sabo ta Ibadan, da ƙofar gidan mai unguwa a kowane ƙauye na ƙasar Hausa. Amma kuma bai kamata murmushin ya daɗe ba, domin a gidaje da yawa na ƙasar nan akwatin rediyon ya riga ya mutu, ba a kuwa sake shi ba, an dogara ga wayar salula kaɗai. Ranar da wayar ta yi shiru, da me za a ji labari?

ƘASAR NAN MA TA ƊANƊANA

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a sami misali. Cikin watan Oktoba na 2024 galibin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Tun da farko maɓarnata sun lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan ran 21 ga watan layin da ya taso daga Ugwuaji ta Jihar Enugu zuwa Apir ta Jihar Binuwai, wanda aka jingina da shi, shi ma ya sami matsala. A kwanakin nan cajin waya ya zama abin nema da kuɗi da bin layi a wurin masu janareta, wanda ba shi da hali kuwa sai ya ajiye wayar ya zuba mata ido.

Kafin wannan, a farkon watan Satumba na 2021, hukuma ta ba da umurnin rufe dukkan layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi makonni, a wasu wuraren har watanni, ba kira ba saƙo. A wannan karon ko da waya ta cika fal da caji ba ta da wani amfani sai haska ɗaki. Mai rediyo ne kaɗai ke jin sanarwar gwamnati da labarin abin da duniya ke ciki.

Har ila yau, ran 14 ga watan Maris na 2024 wasu manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da na sadarwa suka rikice a Nijeriya da Ghana da wasu maƙwabtansu. Ran 10 ga watan Satumba na wannan shekarar kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, dubban iyalai suka fita da abin da hannunsu ya iya ɗauka kawai. A irin wannan rana tambayoyin mutum kaɗan ne, amma kowace ta shafi rai: wace hanya ce ba ta yanke ba, ina aka buɗe sansani, ina ake rabon abinci, ina aka tara yaran da suka ɓace.

ABIN DA YA SA REDIYO KE TSAYAWA

Dalilin da ya sa rediyo ke ci gaba da magana bayan waya ta yi shiru yana cikin yadda aka gina kowannensu. Wayar salula ba ta aiki sai da turken sabis a kusa da ita, kowane turke kuma yana bukatar wuta ko man dizal, da layin da zai haɗa shi da sauran turaku. Idan ruwa ya ci turken, ko mai ya ƙare, ko layin ya katse, to duk wayoyin da ke yankin sun zama kurame. Ko da turken na nan lafiya, akwai iyakar yawan kiran da zai iya ɗauka a lokaci guda, ranar tashin hankali kuwa kowa so yake ya kira nasa, sai layi ya cushe.

Gidan rediyo ba haka yake ba. Na'urar watsa shirye-shirye guda ɗaya, da janareta ɗaya a bayanta, ta isa ta kai murya ga gari sukutum ko jiha, wani lokaci har ƙasashe. Ko mutum goma ne ke saurare, ko miliyan goma, nauyin da ke kanta ɗaya ne. Mai saurare ba ya sayen kati, ba ya bukatar ya iya karatu, akwatin kuma ba ya cin wuta sai 'yar kaɗan, ta yadda batura biyu masu kyau kan ɗauki ƙaramin rediyo kwanaki da yawa idan sa'o'i uku ko huɗu ake kunna shi kullum.

An ga gaskiyar wannan a wurare dabam-dabam. Sa'ad da guguwar Katrina ta auka wa birnin New Orleans na Amurka cikin 2005, tashar rediyo ta WWL ta ci gaba da aiki, ta zama wurin da jama'a ke jin sanarwa da cigiyar 'yan'uwa. A tsibirin Puerto Rico, guguwar Maria ta 2017 ta durƙusar da kusan kashi 95 cikin 100 na turakun waya, mutane suka koma ga 'yan tashoshin rediyon da suka tsira. A Japan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ran 11 ga watan Maris na 2011, garuruwa da yawa sun buɗe ƙananan tashoshin wucin gadi don sanar da jama'a inda ruwan sha da abinci da magani suke. Cikin watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙi a Yukren, BBC ta koma watsa labarai zuwa can a kan gajeren zango, haka kuma ta buɗe shirin gaggawa na Larabci domin mutanen Sudan cikin watan Mayu na 2023. Ba banza ba hukumar UNESCO, wadda ta keɓe ran 13 ga watan Fabrairu a matsayin Ranar Rediyo ta Duniya, ta sa taken bikin 2016 ya zama aikin rediyo a lokacin gaggawa da bala'i.

YADDA AKWATIN YA SHIGA ALJIHU

A zamanin Turawa, rediyon da talaka ya fara sani akwati ne da ake kafawa a bango ko a dandali, an jawo masa waya daga ofishi, ba ya kama komai sai abin da aka turo masa. An fara wannan tsari a Ikko cikin shekarun 1930, ya isa Kano cikin 1944. Rediyon da ke kama tasha da kansa kuwa babba ne mai nauyi da tsada, sai gidan sarki ko attajiri ko babban ma'aikaci.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna taransista, wadda masana uku suka ƙirƙiro a Amurka cikin 1947, watau John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley. Ita ce ta maye gurbin manyan ƙwayayen gilashi masu zafi da cin wuta da ke cikin tsofaffin rediyoyi. Cikin 1954 aka fito da Regency TR-1, rediyon taransista na farko da aka sa a kasuwa, a kan dala 49 da santi 95. Ba da daɗewa ba kamfanonin Japan irin su Sony suka shigo, farashi ya yi ta sauka har akwatin ya kai hannun manomi da makiyayi.

Zuwan nasa ya dace da lokacin da Hausa ke samun gurbi a sararin samaniya. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ran 13 ga watan Maris na 1957, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya biyo baya cikin 1962, Muryar Jamus da Rediyon Sin cikin 1963, Muryar Amurka cikin 1979, Rediyon Faransa kuma cikin 2007. Da haka aka sami al'ummar da mai gadi a Apapa, da ɗan tireda a Kumasi, da makiyayi a dajin Adamawa, za su iya zama su tattauna siyasar duniya dalla-dalla, alhali wani cikinsu bai taɓa riƙe jarida ba.

REDIYON DA AKE JUYA WA HANNU

Matsala guda da ta rage ita ce batir, domin kuɗi ne, kuma ba kowane ƙauye ake samunsa ba. Cikin 1991 wani Bature mai ƙere-ƙere a Ingila, Trevor Baylis, ya kalli wani shirin talabijin kan yaɗuwar cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka ce rediyo ce hanya mafi sauƙi ta ilmantar da jama'a, amma rashin wuta da tsadar batir sun hana. Sai ya shiga ɗakin aikinsa ya harhaɗa rediyon da ke aiki kamar agogon da ake yi wa wani. A cikinsa akwai naɗaɗɗen ƙarfe wanda ake ɗaurewa da juya hannu, idan yana warwarewa a hankali sai ya juya ɗan injin ba da wuta irin na fitilar keke.

Kamfanoni sun yi ta juya masa baya, sai cikin 1994 da BBC ta nuna aikin nasa a talabijin sa'an nan masu jari suka waiwayo. Aka kafa masana'anta a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda aka ɗauki naƙasassu da dama aiki, rediyon kuma ya fito da sunan Freeplay. Baylis ya rasu cikin 2018, amma dabararsa ta yi 'ya'ya. Galibin rediyoyin gaggawa na yau sun bar naɗaɗɗen ƙarfen, sun koma hannun da ke juya injin kai tsaye yana cika batirin caji da ke ciki, an kuma daɗa musu ɗan farantin sola a ka, da tocila, da ƙofar cajin waya, wasu har da jiniya.

ZANGO UKU DA AIKIN KOWANNE

Kafin mutum ya zaɓi rediyo ya kamata ya san cewa zangon da ake kama tasha iri uku ne, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Na farko shi ne FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108. Muryarsa garau take, a nan ne kuma tashoshin gari suke, waɗanda suka san sunan kowace unguwa da kowace gada. Sai dai tafiyarsa miƙe take kamar haske, dutse ko nisa na tare shi, da wuya ya wuce kilomita 100.

Na biyu shi ne matsakaicin zango, wanda ake rubuta wa MW ko AM a jikin akwati. Yana bin doron ƙasa ya yi nisa fiye da FM, da dare kuma nisan nasa kan ninka. Na uku shi ne gajeren zango, mai alamar SW. Shi kuwa sama yake tashi ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki can ƙololuwa, ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomitoci. Wannan rufi yana sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa tsofaffin masu saurare suka san cewa da rana a mita 13 da 16 da 19 ake neman tasha, da dare da asuba kuwa a mita 31 da 41 da 49. A kan mita 49 ɗin nan ne Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana kai wa Hausawan Nijar da Kamaru da Chadi gaisuwar 'yan'uwansu.

Ga mutumin birni, FM ce za ta gaya masa abin da ke faruwa a unguwarsa. Amma idan bala'in ya haɗa har da gidan rediyon garin, ko kuwa mutum yana can cikin daji inda FM ba ta kai, to matsakaici da gajeren zango ne mafita. Saboda haka akwatin da ya haɗa ukun ya fi dacewa da ƙasar nan.

KAFIN A BIYA KUƊI

A nan ne ake bukatar lura, domin wasu rediyoyin gaggawa da ake shigowa da su kasuwanni irin su Alaba da Onica da Sabon Garin Kano an ƙera su ne domin kasuwar Amurka. Sau da yawa za a ga an rubuta AM da FM da WB a jikinsu, ko kuma NOAA. Waɗannan haruffa na ƙarshe suna nufin tashoshin hukumar yanayi ta Amurka, waɗanda ke aiki dare da rana a kan layuka bakwai tsakanin megahaz 162.400 da 162.550, suna gargaɗi kan guguwa da ambaliya. A can abin ceton rai ne, amma a Nijeriya babu tashar da ke magana a wurin, duk wanda ya murɗa sai ya ji shuu kawai. Mai saye ya nemi SW a maimakon WB, kada a caje shi kuɗin abin da ba zai amfane shi ba.

Abu na biyu ya shafi rediyo mai lambobi a gilashi, wanda ake danna wa maɓalli. A nahiyar Amurka tazarar da ke tsakanin tashoshin matsakaicin zango kilohaz 10 ce, a Afirka da Turai kuwa 9 ce. Akwatin da aka saita a kan 10 zai riƙa tsallake tashoshin nan, ko ya kama su da ƙura. Masu kyau suna da wurin sauyawa daga 10 zuwa 9, sai a tambaya. Mai allura da ake murɗawa da hannu ba shi da wannan matsala. Haka kuma wasu rediyoyin da aka yi domin Japan FM ɗinsu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90 ko 95, watau duk tashar da ke sama da nan ba za a same ta ba.

Abu na uku shi ne kada a ruɗu da yawan alkawarin da ke jikin kwali. Hannun juyawa na fitar da mutum kunya ne kawai, minti ɗaya na juyi kan ba da 'yan mintuna na saurare, kuma da yake haƙoransa na roba ne a yawancin masu araha, shi ne abin da ke fara karyewa. Ɗan farantin solar da ke kan akwatin bai fi faɗin yatsu biyu ko uku ba, ƙari yake yi, ba ya cika mataccen batir cikin yini guda. Batun cajin waya kuma lissafi ne mai sauƙi: idan an rubuta 2000mAh a jikin rediyo, alhali batirin waya 5000mAh ne, to ko rabi ba zai cika mata ba, shi kuma ya mutu. Amfaninsa shi ne ya farfaɗo da waya a yi kira ɗaya ko biyu na dole.

Mafi aminci shi ne akwatin da ke da batirin caji, kuma yana karɓar batura na kanti, ƙanana ko manya, waɗanda ake samu a kowace tireda. A gwada shi a gaban mai kanti, a ja eriya, a kama tasha a kowane zango, a jijjiga shi a ji ko muryar na yankewa. Araha ba ta ado, amma kuma tsada ba ita ce shaidar inganci ba.

KULA DA BATIR DA ERIYA

Yawancin rediyoyin da suka mutu a gidaje batir ne ya kashe su. Idan aka bar batura a ciki wata da watanni, sai su zubar da ruwa mai cin ƙarfe ya lalata wurin zamansu. Duk akwatin da za a ajiye, a cire masa batura, a ɗaure su cikin leda tare da shi. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, gama tsohon zai janye sabon ya kuma yi yoyo. Al'adar nan ta cizon batir ko gasa shi a bakin wuta don ya ƙara kwana tana da haɗari, haka nan barin matattun batura inda yara ke wasa.

Batirin caji na zamani kuwa babban abokin gabarsa zafi ne. Kada a bar rediyo a gaban gilashin mota ko a kan kwanon ɗaki da tsakar rana da sunan ana caji, domin zafin da zai sha ya fi cajin da zai samu. Gara a sami farantin sola dabam mai doguwar waya, faranti na rana, akwati na inuwa. Ko ba a amfani da shi, a riƙa yi masa caji duk bayan wata biyu ko uku, idan kuma aka ga batirin ya kumbura, a daina aiki da shi nan take.

Doguwar eriyar ƙarfe ta FM ce da gajeren zango. Ta matsakaicin zango tana ɓoye a ciki, shi ya sa idan murya ta yi rauni akwatin ake juyawa gaba ɗaya har a dace. Wayar lantarki mai tsawon mita biyar zuwa goma, idan aka maƙala bakinta a eriya aka rataya sauran a bishiya ko taga, tana ƙara wa gajeren zango ƙarfi ƙwarai, amma lalle a nisanta ta daga wayoyin wuta, a kuma cire ta da zarar hadari ya haɗo, saboda tsawa. Cajar waya da wasu ƙwayayen fitila na zamani da janareta suna sa ƙara a rediyo, matsawa nesa da su kaɗan kan magance abin. Sauraro da na'urar saƙalawa a kunne yana sa batir ya daɗe fiye da buɗe sifika. A lokacin hunturu kuma jakar yadi ko ta fata tana kare akwatin daga ƙura.

NA DAJI DA NA KAN HANYA

Ga wanda sana'arsa ke waje, kowace rana ranar rashin wuta ce. Makiyayi da manomin da ke kwana a gona, da masuncin tafkin Chadi ko na Kainji, da direban babbar mota tsakanin Ikko da Maiduguri, duk rediyo ne abokin hirarsu, kuma shi ne mai yi musu gargaɗi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana bayyana yankunan da ake fargabar ambaliya. Ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta ƙarshen ta ci rayuka fiye da 600 bisa ƙididdigar gwamnati, sun nuna cewa mazauna bakin Neja da Binuwai suna bukatar jin labarin tashin ruwa da sakin madatsar Lagdo ta Kamaru tun da sauran lokaci. Sanarwar da aka buga a takarda ko aka sa a intanet da Turanci ba ta isa ruga ko tungar masunta, sai an faɗe ta a rediyo da harshen da suke ji.

INDA ƘARFINSA YA TSAYA

Duk da haka rediyo yana da iyaka. Yana magana ne, ba ya jin amsa, ba za a iya kiran likita ko 'yan kwana-kwana da shi ba, don haka abokin waya ne, ba magajinta ba. Tashoshi ma suna zuwa suna wucewa. Ƙasar Norway ta rufe manyan tashoshinta na FM cikin 2017 ta koma wani sabon tsari, cikin watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, masu sauraren sashen Hausa suka murɗa ba su ji shirye-shiryen da suka saba ji ba. Wannan ya isa dalilin da zai sa mai rediyo ya san tashoshi da yawa, na gida da na waje, ya rubuta lambobinsu da lokutan labaransu a takarda ya manna a bayan akwati.

Akwai kuma nauyi a wuyan gidajen rediyon kansu. Akwatin da ke hannun talaka ba shi da amfani idan tashar ta rufe saboda rashin man dizal a daidai lokacin da ake bukatarta, ko kuwa ta ci gaba da kiɗa da talla alhali gari na cikin ruwa. Abin da aka yi da gidan rediyon RTLM a Ruwanda cikin 1994, inda aka yi ta zuga jama'a su kashe maƙwabtansu, ya nuna cewa muryar da ke ceto tana iya halakarwa idan ta faɗa mugun hannu. Ya kamata hukumomin agaji na tarayya da na jihohi su yi yarjejeniya da tashoshin yankinsu tun ana zaune lafiya, a san wanda zai ba da sanarwa, da harsunan da za a yi ta, da tanadin man da zai riƙe na'ura kwanaki. Inda sahihin labari ya yi jinkiri, ji-ta-ji-ta ce ke cike gurbin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Cikin watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta shawarci mutanenta da kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi sa'o'i 72 idan wani abu ya faru, bayan wata guda kuwa sai ga abin da ya sami Sifaniya da Fotugal. Magidancin ƙasar nan, wanda ɗaukewar wuta ba baƙuwarsa ba ce, ya fi su bukatar wannan shawara. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: akwatin rediyo mai zango uku, da batura sababbi a cikin leda, da tocila, a ajiye su wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani, inda hannu zai kai ko cikin duhu, a kuma riƙa kunna shi lokaci-lokaci don a tabbata yana da rai. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe mu da mummunar rana, amin.